Ragon Yaro da Hannun Alƙali: Martani ga Malamin da Ya Soki Kiwon Samari

Na karanta maƙalar da wani malami ya rubuta, inda ya zare alƙalaminsa ya yi kaca-kaca da al'adar nan ta mutanen Amurka da Ingila, wato ta ba yaro ɗan maraƙi ko ɗan tunkiya ya yi kiwonsa da hannunsa wata da watanni, sa'an nan ya kai shi filin nunin amfanin gona a gwada shi da na tsaransa a gaban alƙali. Ko da yake ba ɗabi'ata ba ce shiga tsakanin malami da fahimtarsa, tun da Hausawa sun riga sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, duk da haka da na ga ya gina hukuncinsa bisa tarihin da bai inganta ba, kuma ya ɗauko kalmomi masu nauyi na shari'a ya ɗora su inda ba muhallinsu ba, sai na ji tsoron kada shiruna ya zama ɓoye shaida.

Abin da malam ya tafi a kai shi ne, wai wannan abu wasa ne na 'ya'yan masu hali wanda kamfanonin abincin dabbobi suka ƙago kwanan nan don su sayar da hajarsu, wai yana ɗauke hankalin yaro daga karatu, wai kai dabba gaban jama'a don a yaba ta riya ce da alfahari, kuma wai zalunci ne a bar yaro ya shaƙu da dabba sa'an nan a sayar da ita ga mahauta a gaban idonsa. Ya rufe da gargaɗin kada malaman gona namu su kuskura su yi sha'awar irin wannan.

To, Allah ya gafarta malam, mu fara da batun ƙagowa kwanan nan, domin nan ne igiyar ta fara tsinkewa. A shekarar 1807 wani mutum mai suna Elkanah Watson ya ɗaure tumaki biyu irin na Merino, masu ulu mai laushi, a gindin wata bishiya da ke dandalin garin Pittsfield a jihar Masacusets, ba don kome ba sai don maƙwabtansa su gani da idonsu cewa akwai irin da ya fi nasu. Da ya ga yadda manoma suka yi dafifi suna shafa tumakin suna tambaya, sai ya fahimci cewa abin da wa'azin shekara bai shigar a kunnen manomi ba, kallon yini ɗaya yana shigar da shi ta ido, har ya zama a 1810 ya tara maƙwabta suka fito da shanunsu, a 1811 kuma suka kafa jam'iyyar da ta riƙa shirya nunin kowace shekara. A Ingila kuwa, babbar jam'iyyar manoma ta ƙasar ta yi nuninta na farko a Oksfod a 1839. Ke nan abin da malam ya kira na jiya-jiya ya haura shekara ɗari biyu, kuma a lokacin da aka fara shi babu wani kamfanin da ke ɗura abincin dabba a buhu yana talla.

Shigowar yara cikin sha'anin ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin a cikinta ne hikimar take, kuma ita ce malam ya tsallake. A ƙarshen ƙarni na 19 gwamnatin Amurka ta riga ta kafa kwalejojin noma a jihohi bisa dokar 1862, ta kuma ƙara musu tashoshin gwaji bisa dokar 1887, masana suna ta gano irin da ya fi yabanya da abincin da ya fi gina dabba, amma dattawan manoma suka toshe kunnuwansu, suna yi wa abin ba'a da sunan noman littafi, suna cewa wanda bai taɓa yin kanta a hannu ba ba shi ne zai koya musu abin da suka gada kaka da kakanni ba. (Wanda duk ya taɓa raka malamin gona ƙauye a ƙasarmu ya san wannan amsa, har da irin murmushin da ake rakiyarta da shi.) Da aka rasa ƙofar shiga wurin iyaye sai aka bi ta wurin 'ya'ya. A watan Janairu na 1902 wani shugaban makarantun karkara, A. B. Graham, ya tara yara maza da mata a garin Springfield na jihar Ohayo, ya sa su gwada ƙasar gonakin iyayensu da shuka masara a ɗan fegi na kansu, kuma daga irin waɗannan tarurruka ne ƙungiyar da a yau ake kira 4-H ta tsiro, mai alamar ganye huɗu da ke nufin kai da zuciya da hannu da lafiya, kasancewar kalmomin huɗu duk da harafi ɗaya suke farawa a Turanci. A 1910 wani yaro, Jerry Moore, a jihar Karolina ta Kudu ya cire masarar da ta kai kimanin buhu 58 na kilo ɗari daga eka ɗaya tak, a yankin da manyan manoma ba su ko kusantar haka, sai ga iyaye suna leƙa fegin 'ya'yansu da sassafe suna satar fasaha. Ba a jima ba aka faɗaɗa abin daga masara zuwa maruƙa da tumaki da kaji, bankunan ƙananan garuruwa suna ba yaro bashin kuɗin maraƙi bisa sa hannunsa, ya biya bayan ya sayar. A 1914 kuma majalisar ƙasar ta yi dokar da ta kafa aikin malaman gona a gundumomi, ƙungiyoyin yaran suka shiga ƙarƙashinsa.

Ingila ma ta bi sawu. A 1921 wani kamfanin madara ya shirya wa 'ya'yan manoman da ke kawo masa nono gasar renon maraƙi a ƙauyen Hemyock na lardin Debon, wadda ita ce ƙungiyar matasan manoma ta farko a ƙasar, kuma zuwa 1932 ƙungiyoyin sun yi yawan da aka haɗa su a tarayya guda. A nan kaɗai ne maganar malam ta kamfani ta sami ɗan wurin tsayawa, na kuwa ba shi wannan, sai dai ya lura kamfanin mai sayen nono ne, bukatarsa shanu masu lafiya. A 1928 kuma ɗaliban noma na makarantun sakandaren Amurka, wakilai 33 daga jihohi 18, suka haɗu a birnin Kansas suka kafa ƙungiyar manoman gobe da ake taƙaita sunanta FFA. Ba zan ɓoye aibinta ba: sai a 1965 ta haɗe da takwararta ta baƙaƙen fata, sai a 1969 ta karɓi 'yan mata. Amma a 2024 mambobinta sun haura miliyan ɗaya, 4-H kuma tana kaiwa ga yara kusan miliyan 6. Asalin waɗannan duka 'ya'yan talakawan karkara ne, waɗanda iyayensu ke tatsar saniya kafin fitowar rana.

Sai batun karatu. Da malam ya bincika abin da ake nema daga yaron kafin a bar shi ya shiga fili, da ya sassauta. Tun ranar da ya karɓi dabbar ake aunata a sa mata lamba a kunne, a ba shi littafi wanda a ciki zai riƙa rubuta abin da ya saye ta, da nauyin abincin da ta ci, da kuɗin magani da ranar da aka ba ta, da nauyinta a kowane awo. Idan lokaci ya yi sai ya raba abincin da ta cinye da naman da ta ƙara, ya fitar da abin da kowane kilo ya ci masa, ya gane ko riba ya yi ko faɗuwa. Yaron da ya yi wannan hisabi a kan kuɗin da shi zai biya, ba ya sake tambayar malamin lissafi amfanin rabawa da kashi cikin ɗari. Haka kuma dole ya san kwanakin da ake jira bayan an yi wa dabba allura kafin namanta ya halatta a kai kasuwa, ya san dalilin da ya sa cikin mai tuƙa ya bambanta da na doki, wanda kuwa duk wannan ilmi ne tsantsa, sai dai an ɗauke shi daga allo an kai shi turke.

A nan zan ba malam labarin kaina, ko da yake ba na jin daɗin tuna shi. Ina da shekara goma sha ɗaya kakata ta wajen uwa ta ba ni ɗan rago Balami, fari sol, mai dogayen kunnuwa, ta ce in kiwata zuwa babbar salla. Na ƙaunace shi ƙaunar da ban yi wa wani abu ba a lokacin. Ina tashi kafin kiran assalatu in share turkensa, in jiƙa masa dusa da ɗan kanwa, in na taso daga makarantar allo in bi gonaki ina tsinto masa harawa da roba, har ya zama in ya ji takuna daga zaure sai ya fara kuka yana jan igiya. Da salla ta rage wata guda na ga ragon wani abokina ya fi nawa cika, sai na saci dawa kwano biyu daga rumbu na zuba masa gaba ɗaya, ina ganin gata na yi masa. Da asuba na tarar da shi kwance, ciki ya kumbura kamar ganga, yana nishi yana cije haƙora, kafin hantsi an sa masa wuƙa don kada ya yi mushe. Kakata ba ta doke ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kai ɗan nan, ai hatsi a hankali ake saba wa tunkiya da shi." Ta san wannan tun kafin a haifi uwata, amma ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini, domin a wurinmu ilmin kiwo a cikin ƙirjin manya yake, yaro ba ya samunsa sai bayan ya yi ɓarna. Yaron Ohayo da ke cikin ƙungiya a zaman farko ake gaya masa wannan, a kuma gaya masa illarsa a cikin tumbi. Shekaru da yawa bayan haka ne na karanta cewa hatsi mai yawa farat ɗaya yana tsamama tumbin dabba har ya kashe ta.

Yanzu ga mas'alar da ta fi nauyi, wadda ita ce ainihin dalilin wannan martani, wato kiran nunin da sunan riya. Malam ya fi ni sanin cewa riya a wurin malamai ita ce yin aikin ibada don idon mutane, alhali kuwa kai hajarka gaban masani ya auna ta ya gaya maka aibinta babi ne na mu'amala, kuma shi ne kishiyar abin da mai alfahari yake so, tun da mai alfahari yabo yake nema, ba ya kai kansa inda za a tona shi. Ga yadda abin yake gudana a filin. Yara suna shigowa da tumakinsu, an riga an kasa su aji-aji bisa nauyi, kowane yaro ya tallafi haɓar tunkiyarsa da hannu ɗaya, ba igiya, ya daidaita ƙafafunta huɗu, idonsa na kan alƙali. Shi kuma alƙalin sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora tafinsa a gadon bayan dabba, ya latsa haƙarƙari ya ji kaurin kitse, ya kama cinya ya ji tsoka, ya ja baya ya sa a zagaya da ita ya ga tafiyarta. Idan ya gama jera su sai ya ɗauki lasifika ya bayyana hujjarsa a gaban iyaye da maƙwabta, ya ce ta farko ta fi ta biyu faɗin baya, ta uku kitse ya yi mata yawa, ta ƙarshe ba ta ƙoshi ba. A aji mai yara goma, tara ne za su fita ba su ci na ɗaya ba, kuma ana bukatar kowannensu ya miƙa wa alƙali hannu, ya taya wanda ya yi nasara murna. Akwai ma wata gasa dabam wadda ba dabbar ake aunawa ba, yaron ake aunawa, a ga natsuwarsa da ladabinsa da yadda yake amsa tambaya a kan abin da ya kiwata. In dai wannan makarantar girman kai ce, to, ban san wadda ake koyar da tawali'u a cikinta ba.

Kuma gwada dabbobi a bainar jama'a ba baƙon abu ba ne a shari'a. Ya tabbata a Muwaɗɗa da sauran littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, waɗanda aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka rage musu zango zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kuma Abdullahi ɗan Umar, yana saurayi, yana cikin mahayan. Malam ya duba: ga gasa, ga kasa dabbobi aji-aji don adalci, ga matashi a cikin fili. Haka nan fuƙaha'u sun shimfiɗa mana siffofin dabbar layya, shekarunta da aibobin da ke hana ta isarwa, kamar bayyanannen harari-garke da gurguntaka da cuta da ramar da ba ɓargo, wanda ke nuna cewa sanin dabba mai kyau daga maras kyau ilmi ne da addini ya bukace shi daga kowane magidanci. Kiwon kansa kuwa ba sai na tuna wa malam ba cewa babu Annabin da bai yi kiwon tumaki ba, kuma malamai sun ce hikimar ita ce koyon haƙuri da tausayi kafin a ɗora wa mutum amanar al'umma.

Zancen shaƙuwa da rabuwa ba zan tsawaita a kansa ba. Gaskiya ne yara suna kuka ranar gwanjo, ana ganinsu rungume da wuyan sa mai kilo 500 suna hawaye. Amma kowace shekara a gidajenmu yaro yana wasa da ragon layya har ranar Arfa, gobe ya riƙe ƙafarsa a feɗe, ba mu kuwa ce zuciyarsa ta ƙeƙashe ba. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne yaron da ya tashi yana cin tsire bai taɓa sanin cewa rai aka fitar ba.

Da malam ya so sukar da ke da tushe, da ga ta nan, ni zan ba shi. Da kuɗi ya shiga gwanjon zakaru, inda attajirai da kamfanoni ke sayen dabbar da ta zo ta ɗaya da farashin da ya ninka na kasuwa sau da yawa, sai haɗama ta shigo: wasu iyaye suna sayen maraƙi mai tsadar da ɗan talaka ba zai iya ba, su ɗauki ƙwararre ya yi aikin, yaro ya riƙe igiya kawai ranar nuni. A shekarun 1990 an kama shanu a manyan nune-nunen Amurka da aka ɗirka wa haramtaccen maganin ƙara tsoka mai suna kilenbutarol, har aka hukunta mutane, aka kuma tsananta gwajin fitsarin dabbobin da suka yi nasara. A 2012 mutane fiye da 300 suka kamu da wata mura da ke tasowa daga aladu, yawancinsu yaran da suka yi cuɗanya da su a filayen nuni. Alade kuwa ba ya cikin maganarmu tun asali, haramcinsa ya ishe mu. Waɗannan duka mafsada ce ta haƙiƙa. Sai dai algus a cinikin dabba ya girmi Amurka, shi ya sa shari'a ta hana a ƙi tatsar akuya kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a yaudari mai saye, ta kuma ba wanda aka yaudara zaɓin mayarwa tare da sa'i na dabino. Ba ta ce a rufe kasuwa ba. Wanda ya san karar Wudil ko ta Maigatari ana saura mako guda salla ya san cewa ɗura wa rago ruwa da gishiri don ya yi ciki ba a Ohayo aka koyo shi ba, kuma a can aƙalla akwai hannun alƙali da zai latsa ya gane.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gargaɗin malam shi ne yadda ya ɗauki abin kamar za a kawo mana baƙon da ba mu sani ba, alhali rabinsa yana cikin gidajenmu tun fil azal. Bafulatani yana ba ɗansa karsana tun yana cikin zanen goyo, a Nijar makiyaya suna da habbanaye, inda ake ba wanda ba shi da shi aron saniya ya riƙe 'ya'yan da ta haifa ya mayar da uwar, yarinya a ƙasar Hausa kuma da kuɗin akuyarta ake rage nauyin kayan ɗakinta. Muna da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda fatarta ta ƙetare Sahara ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, muna da Balami da Uda da 'Yankasa, da Bunaji da Bokolo da Azawak, muna da cibiyar binciken dabbobi a Shika kusa da Zariya da ta magungunansu a Vom. Abin da yaronmu ya rasa shi ne littafin hisabi, da malamin da zai riƙa zagayowa turkensa, da ranar da masani zai ɗora hannu a bayan ragonsa ya gaya masa gaskiya a gaban jama'a. Ratar da ke tsakanin Shika da turken tsakar gida ita ce dai ratar da Graham ya tarar a 1902.

Saboda haka ina roƙon malam, da girman Allah, ya sake duba hukuncinsa. In kuma har yanzu yana kan bakansa, to, ga layya nan tafe: ya ba ƙaramin ɗansa ɗan tunkiya da littafi da fensir, ya nemi likitan dabbobin garinsu ya duba ta sau biyu kafin salla, sa'an nan ya rubuto mana abin da ya gani, ni kuwa na yi alkawarin karantawa da zuciya ɗaya. Wassalam.